Jinin Sale a Firjin Maccido

Shekara goma sha ɗaya ina ɗibar jinin mutane a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Wurno, kuma a tsawon shekarun nan ba abin da na zaga kamar wutar lantarki. Na zage ta da safe, na zage ta da rana, na zage ta a gaban manyanmu in sun zo duba aiki. Sunana Jamaluddeen. Mutanen gari Likita suke ce mini, ni kuwa ba likita ba ne, ma'aikacin ɗakin gwaji ne, ɗakin da in ka buɗe hannuwanka sai ka taɓa bango ta kowane gefe. Na fara da halina ne don kada daga baya a ce na ɓoye shi. Amma labarin ba nawa ba ne, na Iliyasu mahauci ne, mutumin Magarya.

Su biyu ne suka rayu cikin 'ya'yan Inna Habi: Sale babba, Iliyasu ƙarami, shekara huɗu tsakaninsu. Ubansu mahauci, kakansu mahauci. Uban ya rasu Iliyasu yana ɗan shekara goma sha biyar, ya bar musu wuƙaƙe uku, da tebur a layin mahauta na kasuwar Goronyo, da suna mai kyau. Tun a lokacin suka raba aiki, ba su ƙara canzawa ba. Sale ke sayen dabba ya yanka, Iliyasu ke fiɗa da ciniki. Sale mutum ne shiru-shiru, sai ka yini da shi bai yi magana goma ba. Iliyasu kuwa kamar an haɗa masa bakin su biyun. Tsohuwa ba ta wucewa gaban teburinsa bai kira ta amaryarsa ba, kuma ba ta tafiya bai ɗora mata gyaran hanta ba. In ya fiɗe sa, fatar takan fito ba huda ko ɗaya, majema har rigima suke yi a kanta.

Akwai abin da ya kamata wanda ba mahauci ba ya sani. Mahauci bai ɗauki kaska a bakin komai ba. In ya gan ta ta kumbura da jini a gindin wutsiya ko a hantsa, cisge ta yake yi, ya matse tsakanin farce biyu ta fashe, ya goge a wando ya ci gaba da aiki. Haka suka ga iyayensu suna yi. Sale kuma yana da ɗabi'ar cije wuƙa a baki in hannuwansa biyu suna riƙe da nama.

Farkon damina, shekara huɗu da suka wuce, Sale ya sayo wani farin sa a hannun Isa, tsohon makiyayi daga wata ruga a ƙasar Rabah. Isa abokin ubansu ne. Ya gaji da ɓarayin daji, yana rage shanunsa don ya kwashe iyali ya ƙetare iyaka. Da yake sanayya ce ta da, ba a sa dillali ba, ba a yi a gaban kowa ba. Sa lafiyayye, yana cin ciyawa har ranar da aka kayar da shi. Jikinsa dai cike yake da kaska, suka fasa abarsu kamar kullum.

Kwana huɗu bayan nan zazzaɓi ya kama Sale, da ciwon kai, da ciwon baya. Aka sayo maganin cizon sauro a kyamis, aka ba shi. A kwana na shida da kwanciyarsa aka kawo mini shi a bayan babur, an toshe masa hanci da auduga don haɓon ya ƙi tsayawa. Dasashinsa yana jini. Inda mai kyamis ya yi masa allura ya yi baƙi kamar an buga masa taɓarya. Na gwada zazzaɓin cizon sauro, babu. A nan na tuna wani taron bita da aka kai mu Sakkwato, inda wata mai bincike, Dakta Khairiyya, ta yi mana bayanin wata cuta da kaska ke ɗauka, likitoci suna ce mata zazzaɓin Kongo. Dabba ba ta nuna alamar komai, amma mutumin da kaskar ta ciza, ko ya fasa ta, ko jinin dabbar ya shige shi, yana iya kwantawa jini ya riƙa fita masa.

Na hau bayan tankin ruwa inda waya ke kamawa, na kira ta. Ta ce in sa safar hannu biyu, in ɗebi jini, a nemi motar da za ta kai shi babban asibiti. Ta ce ƙwayar cutar tana cikin jini ne kawai a kwanakin da mutum yake kwance, kuma zafi yana lalata alamarta, don haka in sa jinin a sanyi ko ta halin ƙaƙa, gobe za ta aiko da akwatin ƙanƙara.

Sanyi a ina? Kwananmu tara ba wuta, firjin ɗakina ya zama ma'ajiyar takardu. Na rigakafi kuwa a kulle yake, kuma haramun ne a sa jini a cikinsa. A duk garin firji ɗaya ne ke aiki dare da rana, na Maccido mai shago, wanda ya haɗa da hasken rana yana sayar da lemo da ruwan leda. Na san dokar aikina ba ta yarda ba, kuma ba na ba kowa shawara ya yi. Na naɗe kwalbar jinin cikin leda uku, na sa a gwangwanin madara, na liƙe bakinsa da salatef, na rubuta kada a buɗe. Maccido ya kwashe mini lemon da ke tagar ƙasa ta firjin gaba ɗaya, na ajiye.

Washegari da sassafe na biya shagon, na taɓa gwangwanin da hannuna, sanyi ƙarara. Na hau babur zuwa cikin Wurno in tarbi direban da aka ba akwatin. Direban da ya ce ƙarfe tara bai iso ba sai bayan azahar. Sale kuwa ya cika da hantsi, motar da za ta ɗauke shi tana ƙofar asibiti. Kafin in dawo an yi masa wanka, an sallace shi, an kai shi.

Ban ko sauka gidan makoki ba, shagon Maccido na fara zuwa da akwatina. Ya buɗe firji, tagar ƙasa wayam.

"Ina gwangwanina?"

"Likita, ƙanen mamacin yaz zo yak karɓa," in ji Maccido. "Mi za ni ce mai? Jinin ɗan'uwanai na."

Abin da ya faru shi ne, wata mata ta zo sayen ruwan sanyi ta ga gwangwanin, ta tambaya, Maccido kuwa bakinsa ba ya riƙe magana. Kafin a gama haƙa kabari zance ya isa kunnen Inna Habi, cewa jinin ɗanta yana can cikin lemo. A wurinmu duk abin da ya fita daga jikin ɗan Adam binne shi ake yi. Mabiyiya ana binnewa, gashi ana binnewa, wanzami in ya gama ƙaho rami yake tonawa ya zuba jinin ya rufe. Balle jinin mamaci. Tsohuwa ta kira Iliyasu ta ce ba za a kai ɗanta makwanci a bar wani abu nasa a shago ba. Ya je ya karɓo. Da aka gama rufe kabari, ya tona ta wajen ƙafafu ya binne gwangwanin da salatef ɗinsa.

Na same shi a ƙofar gida cikin masu zaman makoki, na ja shi gefe, amma muryata ba ta tsaya gefen ba. Na ce masa ya binne amsar da za ta faɗa mana abin da ya kashe yayansa. Na ce masa jahilci ya fi kaska kisa. A ranar da ya binne ɗan'uwansa na faɗa masa haka, dattawa suna ji, kuma har yau in na tuna kunya takan rufe ni. Bai ɗaga murya ba.

"Inna tac ce," in ji shi. "In kai na, Likita, kana ƙi?"

Kwana uku bayan nan shi ma ya kwanta, domin da hannunsa tsirara ya yi wa Sale wanka. Na aika a kawo shi, Inna ta ce ɗanta na biyu ba zai taka asibitin da ya sa jinin na farin cikin lemo ba. Aka kai shi ƙauyen ƙanenta a ƙasar Rabah. Ruwa ya cinye hanya, ɓarayi suka tare abin da ya rage. Wata biyar ban sa shi a ido ba. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi.

Kafin ya dawo, kasuwar Goronyo ta riga ta yanke hukunci. Cewa aka yi farin san nan na sata ne, daga garken da ɓarayi suka kora, mai shi kuma ya sa an karanta Yasin a kan duk wanda ya taɓa shi. Ba na ganin laifin hankalinsu gaba ɗaya, ko da yake ina jin haushinsu. Mutum lafiyayye ya yanka sa, kwana goma sha ɗaya ya mutu jini na fita ta hanci da baki, ƙanensa ma ya kwanta. Mutane ba su taɓa jin cutar kaska ba, Yasin kuwa kowa ya san ta. Kuma a ƙasar da kusan kowane gida an kore masa shanu ko an kashe masa wani, babu zagin da ya kai a ce kana sayen na sata. Isa da zai ba da shaida ya ƙetare, ba wanda ya san inda ya sauka. Sarkin Fawa bai kori Iliyasu ba, bai ma ce masa uffan ba. Mutane ne kawai suka daina tsayawa. Iliyasu ya rataya nama kasuwa uku a jere yana kora ƙuda har yamma, tsofaffin amarensa suna wucewa suna kallon ƙasa. A ta huɗu ya bar teburin ubansa, ya koma yi wa wasu fiɗa. Sale kuma sunansa ya ɓace, sai dai a ce wanda Yasin ta ci, kuma 'ya'yansa mata biyu suna ji.

Wata Talata Iliyasu ya shigo ɗakina, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ya naɗe hannun riga ya ɗora a teburina.

"Likita, ka ce akwai abin da aka gani cikin jini. Ga nawa, ɗebi dut wanda kaka so. Ni takarda ɗai nika so, in kai ma Sarkin Hwawa a karanta cikin kasuwa, a san kaska ta, ba Yasin ba." Ya sassauta murya. "Abu guda kuma. Kada Inna ta san gwangwanin nan shi na shaida. Ta tsuhwa, ba ta iya ɗauka."

Na yi masa alkawari, muka shiga mota zuwa Sakkwato.

Dakta Khairiyya gajeruwar mace ce mai gilashi, tana da irin haƙurin da ke ƙara wa mai fushi fushi. Ta zaunar da shi ta yi masa bayani da Hausa tsantsa. Ta ce in cuta ta shiga jiki, jini yana haɗa mata dakaru nata na musamman, kuma iri biyu ne. Akwai na gaggawa, masu fitowa mutum yana kwance, su watse bayan 'yan watanni. Akwai na zama, masu zuwa daga baya su zauna shekaru. Bayan kwana biyu ta nuna mana ta bayan gilashi wani faranti mai ƙananan ramuka jere kamar na dara, kowane rami da ɗigon ruwan jinin mutum guda. Yawancinsu fari fat. Na Iliyasu ya yi rawaya kamar an jiƙa kurkum. Ya juyo ya kama hannuna, karo na farko da na ga haƙoransa tun rasuwar.

"Malam Iliyasu, tsaya ka ji," in ji ta. "Wannan dakarun zama ne. Sun nuna cutar ta taɓa shigarka, amma ba su faɗi yaushe ba. Akwai mahauta da makiyaya da muke samu da su, ba su ma san sun yi ciwon ba. Na gaggawan su ne da za su ce bana ne, su kuma sun kusa ƙarewa, abin da ya rage bai isa in ce i ko a'a ba. Wata biyar ya yi yawa."

"To, yayana hwa?"

"Ba ni da jininsa."

"Ni da shi sa guda munka hiɗe, Dakta. Ciwo guda munka yi."

"Na yarda da kai. A zuciyata kusan na tabbata. Amma ba zan sa hannu a kan abin da ban gani ba."

Ta juyo ta tambaye ni ina kwalbar da ta ce in ajiye. Na ce an binne. Ta cire gilashinta ta riƙe a hannu tana kallona. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da za mu tafi, don ta kwantar masa da hankali ina jin, ta ce in aka samu ƙwayar cutar a jikin kaskar shanun yankinmu, magana za ta ƙara ƙarfi, sai dai ba ta da mai tara mata. Ba ta san da wa take magana ba. Iliyasu ya karɓi matsefata ta ciro kaska, da safar hannu, da kwali guda na ƙananan kwalabe, ya rungume su har gida.

Shekara uku ya yi yana wannan aiki. Kowace ranar kasuwa kafin a fara yanka yana kara, inda ake sayar da shanu, yana durƙushe a bayan shanun mutane, yana ɗaga wutsiya, yana leƙa kunne, yana shafa hantsa. Raƙumi ya harbe shi a cinya, ya yi sati biyu yana ɗingishi. Ya iya ciro kaska da kanta ba ta fashe ba, ya san mai ƙafafu zane-zane ita Dakta ta fi so, ya san kwalba guda dabba guda. Bai yi boko ba, sai ya riƙa rubuta launin dabbar da garin da ta fito da ajami, ni in mayar. Mahauta suka sa masa Sarkin Kaska. In ya ga wani zai fasa da farce sai ya riƙe masa hannu, su yi ta dariya suna cewa a bar wa sarki talakawansa. Mutumin da a da shi ke tsokanar kasuwa, yanzu kasuwa ke tsokanarsa, kuma ya daina ramawa.

In na ce zan lissafa abin da ya ci mana tuwo a ƙwarya a shekarun nan, takarda ba za ta isa ba. Kwalaben wata biyu na farko direba ya cusa su a but ɗin mota ƙarƙashin buhunan albasa, suka isa sun dahu. Da muka gyara wannan, kayan gwajin Dakta suka ƙare, wata bakwai ana jiran su iso. Da suka iso, injin da ke ba babban firjinta wuta ya lalace a tsakiyar bazara, aikin rani guda ya narke ya yi wari. Ranar na zagi wuta har Maccido ya leƙo ya ga ko da wani nake faɗa. Iliyasu da na faɗa masa, cewa kawai ya yi in ba shi wasu kwalaben.

Jininsa kuwa sau shida na ɗiba. Aka aika wani sashe zuwa wani babban ɗakin gwaji a ƙasar waje, inda ake iya raya ƙwayar cutar cikin tsaro. Wata rana Dakta ta kira cike da murna. Ta ce an haɗa ruwan jininsa da ƙwayar a cikin faranti, dakarunsa sun hana ta kama komai, irinsu ake nema don a fahimci yadda jiki ke cin galabar cutar, wata rana ma ya taimaka wajen haɗa rigakafi. Na miƙa masa wayar ya ji da kunnensa. Ya saurara har ta gama.

"To, madalla," in ji shi. "Sun ce wani abu bisa yayana?"

Ba su ce ba. Turawan ba su ma san an yi wani Sale ba, shi kansa Iliyasun lamba ce a wurinsu.

A bara da kaka aka samu abin da ake nema. Cikin ɗaruruwan kwalaben da ya tara, uku sun nuna alamar ƙwayar. Dakta ta taimaka masa iyakar inda gaskiya ta bar ta. Ta rubuto takarda da Turanci da Hausa, da hatimi. Ta ce cutar tana nan a jikin kaskar yankinmu. Ta ce jinin Iliyasu ya nuna ta taɓa kama shi. Ta ce alamomin da aka gani a jikin marigayi Sale sun yi daidai da nata. Sai layi na ƙarshe: amma ba za a iya tabbatar da cewa ita ce ajalinsa ba, saboda ba a samu jininsa an gwada ba.

Iliyasu ya sa farar riga ranar kasuwa, muka je wurin Sarkin Fawa. Ya yi mana mutunci, ya tara mahauta kafin ciniki ya buɗe, na tsaya kusa da teburin uban Iliyasu, wanda wani ke amfani da shi yanzu, na karanta da ƙarfi. Suna ta gyaɗa kai har na zo layin ƙarshe.

"Wato dai ba su tabbatar ba," in ji wani.

Na ce ba su tabbatar ba, amma a duba sauran.

Wani dogo da ke wasa wuƙa ko ɗagowa bai yi ba. "Ko da kaska ta, Likita, mu dut muna hwasa kaska. Don mi taz zaɓe shi shi ɗai? Yasin ba ta iya aiko kaska?"

Aka yi 'yar dariya, kowa ya koma kan namansa. Wallahi da ba don Iliyasu ya riƙe mini gefen riga ba, da na yi abin da zai sa a kore ni daga aiki. Shekara uku Iliyasu yana durƙuso a bayan shanu, mutum ɗaya ya share su da magana guda yana wasa wuƙa.

Bayan kwana biyu Inna Habi ta aiko kirana. Labari ya kai mata cewa takarda ta zo. Na same ta bayan la'asar a tsakar gida, zaune a tabarma tana ɓarar wake, idanunta sun yi rauni, da hannu take lalube. Iliyasu yana tsugune gefenta. Na gaishe ta, ta amsa a daƙile, don har lokacin ba ta gama yafe mini maganar lemo ba.

"Likita, an ce ka karanta ma mahauta takardar yayan wanga," ta ce, don ba ta faɗin sunan ɗan fari. "Ni ban ji ba. Karanta man. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Na dubi Iliyasu, ya sunkuyar da kai. Na karanta. Na yi ta jan layukan farko kamar za su ƙara tsawo, amma na iso na ƙarshen, kuma ta riga ta ɗaure ni. Na karanta shi yadda yake.

Hannuwanta suka tsaya cikin waken.

"Ba a samu jininai ba," ta maimaita a hankali. "Wane jini? Wanda nis sa anka ruhe?"

Ta ɗago fuskarta, ta ƙara tambaya.

"Da an bar shi wurin Maccido, da sun gani? Da an wanke shi?"

Amsar tana kan harshena, shekara huɗu ina ɗauke da ita. Na buɗe baki, ban san me zai fito ba. Iliyasu ya riga ni.

"A'a, Inna. Ko an bari, da ya lalace. Babu wuta lokacin, kwana tara. Tambayi Likita, ai kullum shina zaginta."

Firjin Maccido da hasken rana yake aiki, bai taɓa mutuwa ko yini guda ba. Ni na taɓa gwangwanin nan da safen, sanyinsa har yau ina jin sa a yatsuna. Tsohuwa ta juyo da fuskarta inda take jin numfashina.

"Hakanan na, Likita?"

"Haka ne, Inna," na ce. "Wuta ce."

Ta gyaɗa kai a hankali. Sannan ta sauke ajiyar zuciya, ta ce, "To, Allah shi kyauta. Ashe ba ni ta ba." Ta laluba ta ɗauki kwanson wake ta ci gaba da ɓara. Da zan tafi ta sa aka zuba mini waken a leda, abin da ba ta taɓa yi ba.

A ƙofar gida Iliyasu ya ninke takardar huɗu, ya sa a aljihun da yake ajiye matsefata. Na ce masa ai shi ke nan, ya huta haka, Dakta ta samu abin da take nema, shi kuma ba zai samu nasa ba ko ya kwashe kaskar duniya. Da zafi na faɗa, don raina a ɓace yake, kuma ban san da wa nake fushi ba.

"Na sani," in ji shi. "Ka dai aje man kwalabe, jibi kasuwa ta. Kuma in Allah ya kawo maka wani mai haɓo irin nai, ka aiko a kira ni. Wanga karon ni za ni zauna bakin hirjin."

Yana nan har yanzu, kowace kasuwa, durƙushe a bayan shanu da safar hannunsa. Sale kuma a layin mahauta har gobe wanda Yasin ta ci ne. Ni dai tun daga ranar ban ƙara zagin wuta ba. Tana ɗaukewa kamar da, firjina yana nan cike da takardu, amma in na buɗe baki sai in tuna sau ɗaya ne tak ba ta yi mini laifi ba, kuma a wannan karon ne na tsaya gaban tsohuwa na ba da shaida a kanta.